Gargaɗi kafin bala'i: tambayoyin da ake yawan yi kan ambaliya, fari, guguwa da tsananin zafi

Duk sanda ruwa ya ci gari ko guguwa ta yi ɓarna sai ka ga tambayoyi iri ɗaya suna ta yawo, wai ba a san da zuwanta ba ne, wai me hukumomi suke yi, wasu kuma su ce abu ne daga Allah ba yanda za a yi. Ga waɗanda aka fi yi nan tare da amsoshinsu.

Wai me ake nufi da tsarin gargaɗin wuri? Wata na'ura ce ko manhaja?

Ba na'ura ɗaya ba ce, aiki ne mai sassa huɗu da suke riƙe da juna. Da farko sai an san inda haɗarin yake tun kafin komai ya faru, wace unguwa ce a kwari, wane gari ne a ƙasan dam, su waye ba za su iya gudu da ƙafarsu ba. Sai sa ido da hasashe, wato ma'aikatan yanayi da masu auna ruwan kogi. Sai isar da saƙo ga mutane cikin yaren da suke ji kuma a lokacin da zai yi amfani. Na huɗun shi ne mutane su san me za su yi in saƙon ya zo, kuma a ce akwai wajen zuwa da hanyar zuwa. In ɗaya ya tsinke sauran ukun sun tashi a banza, kuma in ka bi labarin manyan bala'o'in shekarun nan zaka ga ba kasafai hasashen ke kasawa ba, na uku da na huɗun ne suke tsinkewa.

Da gaske yana ceton rai, ko dai maganar taron manya ce kawai?

Yana ceto, kuma akwai hujja a ƙasa. A watan Nuwamba 1970 mahaukaciyar guguwa ta faɗa wa yankin da yanzu ake kira Bangaladash, mutum aƙalla 300,000 suka rasu. A 1991 wata ta sake zuwa ta kashe kusan 138,000. Da guguwar Amphan ta zo a watan Mayu 2020, ana tsakiyar korona ma, an kwashe mutum sama da miliyan 2 zuwa mafaka kafin ta sauka, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 30 ba. Ƙasar nan dai ita ce, tekun shi ne, mutane ma sun ƙaru sosai.

Haka jihar Odisha a Indiya, guguwar 1999 ta kashe wajen mutum 10,000, amma a 2013 da Phailin ta tunkaro sai aka kwashe kusan mutum miliyan ɗaya, mamatan ba su kai 50 ba. Sai ka kwatanta da Miyanma a 2008, inda guguwar Nargis ta kashe kusan 138,000 alhali masana yanayi sun hango ta tun tana kan teku, saƙon ne bai isa ƙauyukan bakin ruwa yanda ya kamata ba kuma ba mafakar da za a gudu.

Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta yi lissafin shekaru 50, daga 1970 zuwa 2019, ta ce yawan bala'o'in yanayi da aka rubuta ya ninka sau 5 amma yawan mace-mace ya ragu kusan ninki 3, kuma gargaɗin wuri na cikin manyan dalilan.

To me Bangaladash suka yi haka? Kuɗi ne da su?

Lokacin da suka fara suna cikin mafi talaucin ƙasashen duniya, dan haka ba zancen kuɗi ba ne kaɗai. A 1972 aka kafa shirin ko-ta-kwana na guguwa tare da ƙungiyar agaji ta Red Crescent, gwamnati ta shigo ciki, yanzu suna da masu aikin sa kai sama da 70,000 kuma kusan rabinsu mata ne. In hukumar yanayi ta ga guguwa saƙo zai bi ta rediyon oba-oba har ya kai shugaban 'yan sa kai na ƙauye, shi kuma ya ɗaga tuta a sandar da kowa ya sani, tuta ɗaya ko biyu ko uku gwargwadon girman haɗarin. Daga nan sai ka ga mutum a kan keke da lasifika a hannu da jiniya yana bin lungu-lungu, wasu suna ƙwanƙwasa ƙofa gida-gida, masu ƙarfi su ɗauki tsofaffi da masu ciki. Wanda ya zo ya ce maka ka tashi ɗan garinku ne, ka san uwarsa ka san ubansa, kuma wannan sanayyar ita ce take sa mutum ya yarda ya rufe gidansa ya fita.

Mafakar tasu gini ne a kan dogayen ginshiƙai, sauran ranakun shekara makaranta ce, sabida haka yara sun san hanya ko da dare ne. Sun kuma yi tudun ƙasa na ajiye dabbobi dan sun gano manomi ba zai bar saniyarsa ya tafi ba. Batun mata kuwa sai da aka yi asara aka koya, a 1991 matan da suka rasu sun fi maza yawa nesa ba kusa ba, wasu gargaɗin bai kai musu cikin gida ba, wasu suna jiran maigida ya dawo ya ba da izini. Shi yasa aka dage da sa mata cikin aikin, mace ta shiga har ɗaki ta yi wa 'yar'uwarta magana.

Meye haɗin wannan da sauyin yanayi? Ai tun da can ana ambaliya da fari.

Tun da can ana yi, gaskiya ne. Abin da ya canza shi ne ƙarfi da yawan maimaituwa. Iska mai zafi tana ɗaukar tururin ruwa fiye da mai sanyi, duk ƙarin digiri ɗaya na zafi tana ɗaukar ƙarin kusan kashi 7 cikin 100, to in ta tashi sauke shi sai ruwan da ake yi a sati ya sauka a awanni. Zafin nan kuma shi ne yake busar da ƙasa da wuri in ruwa ya ɗauke, shi yasa waje ɗaya zai iya shan fari a bana ya sha ambaliya baɗi. Tekun da ya yi ɗumi yana ƙara wa guguwa ƙarfi, guguwar Freddy ta 2023 sai da ta yi kwana 36 tana yawo kafin ta gama da Madagaska da Mozambik da Malawi. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa zuwa lokacin, wajen digiri 1.5 sama da zamanin kafin masana'antu.

Amma kar a ɗora wa sauyin yanayi komai. Girgizar ƙasa da aman dutse ba ruwansu da shi. Sannan gini a kan hanyar ruwa, cushe kwata da shara, sare itatuwa, barin dam shekara da shekaru ba gyara, duk aikin hannun mutane ne, kuma su ne suke mayar da ruwan sama mai yawa ya koma makoki.

Ta yaya suke sanin abin da bai faru ba, kuma tun yaushe suke sani?

Tauraron ɗan'adam yana kallon gajimare da zafin teku, tashoshin ƙasa suna auna ruwan sama da iska, ana sakin balan-balan mai na'ura sama, akwai rada mai hango ruwan sama daga nesa, akwai ma'aunin ruwa a koguna, sai a zuba duka a manyan kwamfutoci su yi lissafi. Lokacin da ake samu ya danganta da irin bala'in. Fari ana hango alamunsa watanni kafin yunwa ta kama. Guguwar teku da tsananin zafi kwanaki. Babban kogi in ya cika a sama ana iya sanin ranar da ruwan zai iso ƙasa, wani lokaci sati guda kafin nan. Mai wuyar ita ce ambaliyar farat ɗaya, wadda ruwa ke gangarowa daga tudu ko dam ya ɓalle, nan sai dai awanni ko mintoci, kuma in da dare ta zo abin ya fi muni. A Texas ta Amurka a watan Yuli 2025 kogi ya tashi wajen mita 8 cikin ƙasa da awa ɗaya kafin gari ya waye, mutum sama da 130 suka rasu.

Akwai kuma rashin daidaito mai ciwo a nan. Amurka da Turai in aka haɗa suna da tashoshin rada sama da 600, nahiyar Afirka gaba ɗaya nata ba su kai 40 ba a ƙidayar da aka yi 'yan shekarun nan. Inda ba a auna ruwa a ƙasa hasashen wajen ba zai yi kaifi ba, kuma yana rage kaifin na sauran duniya ma tunda iska ba ta san iyakar ƙasa ba. Duk da haka akwai cibiyoyi masu aiki, irin AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 da ICPAC da ke Kenya, suna fitar da hasashen damina kowace shekara.

In har ana sani, me yasa mutane suke mutuwa har a ƙasashen da suka ci gaba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci min rai. A Jamus a watan Yuli 2021 tsarin hasashen ambaliya na Turai ya ba da sanarwa kwanaki kafin ruwan, amma mutum sama da 180 suka rasu, mafi yawa a kwarin kogin Ahr, sabida a wurare da dama umarnin a tashi bai fito ba sai da ruwa ya riga ya shiga gidaje, cikin mamatan har da mutum 12 a wani gidan kula da masu naƙasa. A Balansiya ta Sifaniya ranar 29 ga Oktoba 2024 hukumar yanayi ta saka jan gargaɗi tun da safe, amma saƙon da ke shiga wayoyin jama'a bai fita ba sai bayan ƙarfe 8 na dare, lokacin wasu suna cikin mota ruwa na jan su, wasu sun sauka garejin ƙasa ɗauko mota. Mutum sama da 220 suka tafi. Ihu bayan hari kenan.

A Darna ta Libiya a watan Satumba 2023 an san guguwar Daniel na zuwa, abin da mutanen cikin gari ba su sani ba shi ne dam biyu da ke saman garin za su ɓalle cikin dare, mutum sama da 4,000 aka tabbatar sun rasu wasu dubbai kuma ba a gan su ba. Shekara ɗaya bayan nan dam ɗin Alau ya ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri. Dam in ya tsufa dole a ce akwai mai sa masa ido da kuma hanyar sanar da na ƙasa cikin mintoci, hasashen ruwan sama kaɗai bai isa ba.

Fari ma haka. Tun 2010 masu sa ido suke ta faɗa cewa Somaliya na tunkarar yunwa, ba a motsa sosai ba sai da aka ayyana yunwar a watan Yuli 2011, wajen mutum 260,000 suka rasu kuma rabinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Watanni aka samu a wannan, kuɗi da niyya ne suka makara.

Me yasa wasu ko an faɗa musu ba sa tashi? Taurin kai ne?

Kafin a ce taurin kai a tsaya a tambaye su. Mutum ne duk abin da ya mallaka yana cikin ɗaki biyu, ka ce ya tashi, ya tafi ina, wa zai tsare masa kaya daga ɓarayi, awakinsa fa, mahaifiyarsa da ba ta iya tafiya fa, kuɗin mota fa, in ya bar aikin yau me yara za su ci gobe. Wani ya taɓa zuwa sansani ya ga ba banɗaki ba ruwan sha, maza da mata a cakuɗe, ya rantse ba zai sake kai iyalinsa ba. Wani yana tsoron in ya tashi a hana shi dawowa filinsa. Waɗannan duk lissafi ne na mai hankali, kuma tsarin da bai amsa su ba zai yi ta busa jiniya mutane na zaune.

Sai yanda ake rubuta saƙon. A ce maka za a yi ruwa milimita 120 a yankin kaza, me ka fahimta? Amma a ce ruwa zai iya kai ƙugu a unguwannin da ke bakin kogi daga tsakar daren yau, ku tafi makarantar da ke kan tudu kafin magariba, kar ku bi ta gada, to wannan ko yaro ya gane. Yanzu hukumomin yanayi da dama suna komawa irin wannan, su faɗi abin da yanayin zai yi wa mutane maimakon lambobi zalla.

Akwai kuma halin ɗan'adam na cewa ai shekara 30 ina nan ruwa bai taɓa wuce dakali ba. Matsalar ita ce shekara 30 ɗin da suka wuce ba su ne ma'aunin masu zuwa ba yanzu.

In aka yi gargaɗi muka tashi kuma ba abin da ya faru fa?

Zai faru wani lokaci, ba makawa. Hasashe lissafin yiwuwa ne, in aka ce kashi 70 cikin 100 ma'anarsa a irin wannan yanayi sau 10, wajen sau 3 ba za a ga komai ba. Wahalar kwana ɗaya a waje da asarar rai ba ɗaya ba ne, dan haka gara a tashi. Amma hukuma ita ma da nata, duk sanda gargaɗi bai tabbata ba ya kamata ta fito ta yi bayani, ta ce guguwar ta karkata ne ko ruwan ya sauka a wani waje. In aka yi shiru sau biyu sau uku mutane za su daina saurare, kuma amana in ta zube dawo da ita aiki ne babba.

Ba ƙaddara ba ce? Abin da Allah ya rubuta gargaɗi zai hana shi?

Ba wanda ya ce na'ura tana hana ajali. Amma imani da ƙaddara bai taɓa hana riƙo da sababi ba. Labarin Annabi Yusuf kowa ya san shi, an sanar da shekara bakwai na yalwa da bakwai na fari, aka tara hatsi a zangarniyarsa tun da sauran lokaci, al'umma ta tsira. Malaman addini suna da babban matsayi a nan, dan in sanarwar ta fito daga lasifikar wajen ibada mutane sun fi ɗaukarta da muhimmanci fiye da saƙon waya daga lambar da ba su sani ba.

Wanda ba shi da babbar waya ko garinsu ba netwok, ya za a yi da shi?

Shi ne ainihin wanda aka yi tsarin dominsa. Rediyo har gobe ita ce ta fi kaiwa nesa, kuma tana aiki da batir in wuta ta ɗauke. Akwai wata hanya da kamfanin waya ke tura saƙo ga duk wayar da ke ƙarƙashin turken sadarwa na yanki ɗaya a lokaci guda, ba sai an san lambarka ba, ba sai kana da data ba, wayar ta yi ƙara da kanta. Jamus ba ta da ita a 2021, sai bayan ambaliyar ta kafa. Manhajoji irin Flood Hub na Google suna nuna hasashen koguna har na kwana 7 a ƙasashe da dama, suna da amfani ga mai babbar waya, shi kuma ya isar wa sauran.

Amma akwai abin da gari zai iya yi da kansa. A kafa sanda a bakin kogi a yi mata fenti kore a ƙasa, rawaya a tsakiya, ja a sama. A ɗora wa mutum biyu ko uku alhakin duba ta safe da yamma da kuma cikin dare in ana ruwa. A yi yarjejeniya da garin da ke sama cewa in ruwa ya taɓa rawaya a wajensu su bugo waya, in ya taɓa ja a buga ƙararrawa ko a yi shela kowa ya nufi tudu. A Nepal da arewacin Indiya ana irin wannan a kogunan da ke gangarowa daga duwatsu, har tsakanin garuruwan da iyakar ƙasa ta raba, kuma awa biyu ko uku da ake samu sun isa a fitar da yara da tsofaffi da dabbobi. Abin kula kawai, kar a dogara da hanya ɗaya, turken waya shi ma ruwa na cinye shi.

Ilimin tsofaffi na gane alamun yanayi fa, a yar da shi?

A'a. A tsibirin Simeulue na Indonesiya kakanni sun gadar wa jikoki labarin igiyar ruwan 1907, cewa in ƙasa ta girgiza teku ya ja baya a gudu kan tudu. Da tsunamin 2004 ta zo, a tsibirin mai mutum sama da 70,000 waɗanda suka rasu ba su kai 10 ba. Tsunami ba sauyin yanayi ke kawo ta ba amma darasin ɗaya ne. Tsofaffi sun san inda ruwa ya taɓa kaiwa da tsohuwar hanyarsa da aka yi gini a kai, abin da taswira ba lallai ta nuna ba. Sai dai wasu alamun na lokacin shuka da zuwan ruwa sun fara saɓawa tunda yanayin ya rikice, kuma ba tsohon da zai ga ruwan da aka yi a nisan kilomita 300. A haɗa biyun.

Zafi ma bala'i ne da ake gargaɗi a kansa?

Sosai ma, kuma yana cikin masu kisa da yawa, illa dai ba ya rushe gida balle a ɗauki hoto. A Turai a 2003 zafi ya kashe mutum sama da 70,000, Faransa kaɗai wajen 15,000, yawancinsu tsofaffi masu zama su kaɗai, shi yasa daga 2004 ƙasar ta kafa shirin gargaɗin zafi har da rijistar tsofaffin da za a riƙa kira ana duba su. Birnin Ahmadabad na Indiya ya yi nasa a 2013 bayan zafin 2010 ya kashe sama da 1,300, suna sanarwa da launuka, a buɗe wuraren shan ruwa da inuwa, a shirya asibitoci. A aikin Hajjin 2024 alhazai sama da 1,300 suka rasu lokacin da zafi ya haura digiri 50. In ka ga mutum cikin zafi ya fara ruɗewa ko magana ba kan gado, jikinsa ya yi zau, a kai shi inuwa a jiƙa shi da ruwa ana fifita nan take, a nufi asibiti, kar a jira.

Shi kuma juriyar al'umma da ake ta faɗa me kenan?

Shi ne gari ya sha bugu ya miƙe ba tare da ya koma baya shekara goma ba. Wani ɓangaren gini ne, magudanan ruwa, tudun kariya, ɗaga harsashin gida, barin itatuwan bakin teku da fadamu su yi aikinsu na rage ƙarfin ruwa. A kudancin Nijar manoma sun dawo da itatuwa a fili wajen hekta miliyan 5 ta hanyar barin kututture ya tofo suna kula da shi, gonakin suka fi jure fari. Wani ɓangaren na aljihu ne, asusun taimakon juna, iri mai saurin nuna, sana'a fiye da ɗaya a gida. Amma a ganina mafi girma shi ne sanin juna. A awannin farko na kowane bala'i maƙwabci ne yake ciro maƙwabci, motar agaji sai daga baya. Unguwar da ta san a wane gida makaho yake, wace ce ta kusa haihuwa, wa ke da kwalekwale ko mota, ta riga ta yi rabin aikin. Kuma a riƙa gwaji ko sau ɗaya a shekara kafin lokacin ruwa, dan ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni a gidana me zan yi yanzu?

Ka fara sanin ko gidanka a kwari yake ko a ƙasan dam, ka tambayi waɗanda suka riga ka zama. Ku zauna da iyali ku tsayar da inda za a haɗu in an rabu da hanya biyu ta zuwa can, yara su haddace lambar waya ɗaya. Takardun gida da na makaranta da katin shaida a sa a leda a ɗaure, a ɗau hotonsu a waya. A ajiye magungunan masu ciwon da ba a fashin shan magani, tocila, rediyo ƙarama, abin cajin waya, ruwan sha da ɗan kuɗi a hannu, duk a jaka ɗaya da kowa ya san inda take. In za a fita a kashe wuta daga mita.

Kar ka shiga ruwa mai gudu. Santimita 15 kacal, wato ya wuce idon sawu da kaɗan kawai, yana kayar da babba in ruwan yana da ƙarfi, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa yana tafiya da yawancin motoci. Mutane da yawa a mota suke mutuwa suna ganin za su iya tsallakawa.

Saƙonnin da ake turowa a WhatsApp na cewa an buɗe dam ko guguwa na zuwa, a yarda?

Ka duba kwanan wata, ka duba sunan gari, ka duba ko hukumar yanayi ko ta agajin gaggawa ta ƙasarku ta faɗa a shafinta ko a rediyo. Tsohon bidiyo na wata ƙasa yana dawowa duk shekara. In ba ka tabbatar ba kar ka tura, in ka tabbatar ka tura har da lokaci da inda za a je. In kuma da idonka ka ga ruwa na hawa, ba sai ka jira kowace sanarwa ba.

Wa zai biya kuɗin duk wannan, kuma ina aka kwana?

A watan Maris 2022 babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya António Guterres ya sanar da burin cewa kowane mutum a duniya ya samu kariyar gargaɗin wuri kafin ƙarshen 2027, aka ƙaddamar da tsarin aikin a taron yanayi na Masar a watan Nuwamba na shekarar, da ƙiyasin dala biliyan 3.1. In ka kwatanta da asarar ambaliyar Pakistan ta 2022 kaɗai, wadda ta shafi mutum miliyan 33 ta kashe sama da 1,700, kuɗin ba wani yawa ne da shi ba. An kuma ƙiyasta cewa gargaɗin awa 24 kacal na iya rage ɓarnar dukiya da kusan kashi 30 cikin 100. Har yanzu ƙasashe da dama, musamman matalauta da ƙananan tsibirai, ba su da cikakken tsari, kuma su ne suka fi kowa ƙarancin hannu a hayaƙin da ya jawo matsalar, wannan rashin adalci ne a fili.

Wani abu da nake ganin ya kamata a faɗaɗa shi ne sakin kuɗin agaji kafin bala'in. A Bangaladash a watan Yuli 2020 da hasashe ya nuna kogin Jamuna zai cika, an tura wa iyalai kuɗi ta waya kwanaki kafin ruwan ya kai ƙarshen hawansa, suka sayi abinci, suka kwashe dabbobi, suka biya kuɗin jirgin ruwa. Tambayar nan ta in tafi da me, ita aka amsa musu.

Bayan ruwa ya janye shikenan an tsira?

Da saura. Rijiyoyi sun cakuɗe da masai, dan haka kwalara da gudawa suke biyo baya, a tafasa ruwa ko a sa maganin tsaftace shi kafin a sha. Ruwan da ya kwanta yana tara sauro. Katangar da ta jiƙu tana iya faɗowa bayan kwanaki, musamman ginin ƙasa, a duba tsagewa kafin a mayar da yara ɗaki. Kar a taɓa wayar wuta da ta faɗi, kar a kunna mita sai mai gyaran wuta ya duba, a kula da macizai a cikin kaya da lungu. Kuma tun abin yana sabo a kai, kwamitin unguwa ya zauna ya rubuta ƙarfe nawa saƙo ya iso, wa bai ji ba, wace hanya ce ta toshe, a yi alama a jikin bango inda ruwan ya tsaya da kwanan watan.